Halartar taron masana fasahar taurarin gano wuri: in je, ko in sayi na'ura da kuɗin?

Daga: Ɗan Safiyo, Rigasa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da yayyena a wannan sana'a tamu, ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Shekara huɗu ke nan da na kammala babbar difloma a fannin safiyo a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, kuma tun daga lokacin nake aiki da wani kamfani mai zaman kansa a nan cikin gari. Yawancin aikinmu yankan filaye ne da kafa turakun siminti a sababbin unguwannin da ke tasowa wajen Rigachikun da Mararrabar Rido da hanyar Kachia, kuma kusan duk da na'urar GPS mai auna santimita muke yin sa, ɗaya tana zaune a kan ƙafa uku, ɗaya kuma tana kan sanda ina yawo da ita.

Bara a watan Oktoba muka samu aikin sa alamomin magudanar ruwa a gefen wata babbar hanya, kuma saboda cunkoson motoci da tireloli sai aka ce da dare za a riƙa yin sa. Da rana na'urar lafiyarta ƙalau, kafin minti ɗaya ya cika ta kama, wato ta tsayar da ainihin inda take, kuskurenta kuma ba ya wuce santimita biyu. Amma da zarar an idar da sallar isha'i sai ta sauya hali. Allon da ke hannuna yana nuna mini taurarin ɗan'adam sama da ashirin, sararin samaniya garau babu ko ƙyallin girgije, kumfar da ke nuna miƙewar sanda tana tsakiya daram, amma na'urar ta kama ta saki, ta kama ta saki, har in yi minti ashirin a tsaye a kan turke ɗaya, leburori suna zaune a bakin kwalta suna jirana. Sai wajen ƙarfe ɗaya na dare take dawowa daidai kamar ba ita ba. Maigidana ya ce ni ne ban iya saiti ba, wanda ya sayar mana da ita kuma ya duba ya ce babu abin da ya same ta. Aikin ya ja mu har cikin hunturu, a Disamba abin ya lafa, amma da muka koma wani ɓangaren hanyar a watan Maris na bana sai ya dawo sabo fil.

Wannan ne ya sa na shiga bincike, na kuma gane cewa abin da na sani game da taurarin nan bai wuce cikin cokali ba. Na ga akwai tarukan ƙwararru da ake yi musamman a kan wannan fasaha, kamar ION GNSS+ da ake yi a Amurka duk watan Satumba, da taron ƙoli na birnin Munik a Jamus, da kuma makon aiki na ƙungiyar masu safiyo ta duniya, wato FIG, wanda aka yi a Akara ta ƙasar Gana a watan Mayun 2024. Ina da ɗan abin da na tara da niyyar sayen ƙaramar na'ura tawa ta kaina domin in fara karɓar ƙananan ayyuka. Tambayata ita ce, shin mutum irina, wanda ba furofesa ba kuma ba ma'aikacin gwamnati ba, zai ƙaru da irin wannan taro har ya cancanci a kashe masa wannan kuɗi? Idan zai ƙaru, wanne ya kamata ya fara da shi, kuma da wane shiri ake zuwa? Ina fargabar in je in zauna kwana huɗu ana zuba lissafin da ya fi ƙarfina, in dawo ba tsuntsu ba tarko.

Daga: Tsohon Ma'aikacin Safiyo, Unguwar Rimi

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi wa wannan nema naka albarka. Na yi shekara 33 ina aikin safiyo a gwamnati kafin in yi ritaya, kuma da sarƙa da madubin auna kusurwa na fara, a zamanin da mutum zai kwana uku yana sarar jeji kafin ya hango turke daga turke. Matsalarka ta dare ba zan ce komai a kanta ba, na bar wa masana. Amma zancen taro ina da abin faɗa.

Babban taro na farko da na halarta shi ne makon aikin FIG da aka yi a Abuja a watan Mayun 2013. A mota na tafi, domin jirgin ƙasan Rigasa zuwa Idu ta Abuja bai fara jigila ba sai a 2016. Gaskiya jawaban buɗe taro ba su ƙara mini komai ba, kuma a cikin ƙasidun da aka gabatar akwai waɗanda ban kama ko rabinsu ba. Abin da na amfana da shi ya faru ne a wani ƙaramin ɗaki inda ake magana a kan tushen awo, wato ma'aunin da lambobin taswira suke dogara a kansa, kuma na shiga ɗakin ne saboda wata rigima da ke kan teburina a ofis.

Maƙwabta biyu ne a wata unguwa, ɗaya yana riƙe da tsohuwar taswirar filinsa, ɗaya kuma ya ɗauko wani yaro da ƙaramar GPS ta hannu. Yaron ya karanta lambobin da ke cikin takarda ya zuba su a na'urarsa kai tsaye, ya bi ta har ta tsayar da shi a tsakar gidan maƙwabcin, kusa da rijiya, ya ce nan ne iyaka. Har wurin mai unguwa aka je. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Tsofaffin taswirorinmu an zana su ne a kan ma'aunin Minna, wanda tushensa turken L40 ne da ke can Minna, a bisa siffar duniya ta Clarke 1880, ita kuwa GPS da ma'aunin duniya na WGS84 take magana, kuma tazarar da ke tsakanin su biyun a yankinmu ta haura mita hamsin. Ga kuma bambancin tsarin zane, domin tsohon tsarin ya raba Najeriya ɗamara uku, ta yamma da ta tsakiya da ta gabas, Kaduna tana ta tsakiya, a tsarin zane na duniya, wato UTM, kuma muna shiyya ta 32. Duk wannan na san shi a littafi. Abin da ban sani ba shi ne waɗanne lambobin juyi, wato na mayar da awo daga wannan ma'auni zuwa wancan, ne za a dogara da su a Kaduna, domin kowace na'ura da nata take zuwa.

Da aka tashi shan shayi na tari wani mutum da ya yi aiki a tashoshin NIGNET, wato tashoshin da ke sauraron taurari dare da rana waɗanda ofishin Babban Mai Safiyo na Tarayya ya fara kafawa a 2008, ɗaya daga cikinsu tana Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Na gaya masa damuwata a tsaye, kofi a hannu. Ya karɓi takardar jadawalin taro daga hannuna, ya juya bayanta, ya zana mini turaku huɗu da kibiyoyi, ya ce in nemi tsofaffin turakun gwamnati da ba su motsa ba a kewayen unguwar, in ɗora na'ura a kan kowanne na wasu awanni, in fitar da lambobin juyin wurin da kaina maimakon in aro na wani yanki. Minti goma sha biyar muka yi. Da wannan zane aka raba rigimar, kuma har yau takardar tana cikin fayil ɗina.

Saboda haka shawarata ita ce ka je taro, amma ka fara daga gida. Ƙungiyar masu safiyo ta ƙasa, NIS, tana yin babban taronta kowace shekara tana zagaya jihohi, reshenta na jiha kuma yana zama. Hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, tana da cibiyar nazarin siffar ƙasa da motsinta a Toro ta jihar Bauchi. Waɗannan duk kuɗin mota ne da na masauki. Zancen Turanci kuma kada ya razana ka, domin a irin wannan taro za ka ji Bajamushe da ɗan Sin kowa yana jan Turancinsa yadda ya sawwaƙa, kuma lambobin mutum ake dubawa.

Daga: Malamar Kimiyya, Samaru

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, na ƙaru ƙwarai da labarin ma'aunin Minna. Ƙanena, ni kimiyyar sararin samaniya nake koyarwa, kuma tun kafin in gama karanta bayaninka na ji kamar na san abin da ke damun na'urarka, ko da yake ba zan yanke hukunci ba sai na ga bayanan da ta naɗa.

Taurarin GPS suna kewaya duniya ne a nisan kilomita 20,200, kuma na'urarka tana gano inda take ta hanyar auna lokacin da siginar kowane tauraro ta ɗauka kafin ta iso gare ta. Sigina da saurin haske take tafiya, kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, don haka kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa mita 300 ne a ƙasa. A hanyarta dole ta ratsa wani rufin iska mai ɗauke da cajin lantarki da ake kira ayonosfiya, wanda ya faro daga kimanin kilomita 60 sama da mu ya kai kusan 1,000, kuma hasken rana ne ke ba shi cajin. Rufin yana jinkirta sigina, amma wannan an daɗe da samo maganinsa: tauraro yana aiko da saƙonsa a zango fiye da ɗaya, L1 a kan megahaz 1575.42, L2 kuma a kan 1227.60, jinkirin kowanne daban, sai na'ura ta gwama su biyun ta cire shi. Shi ya sa ba ka ganin matsala da rana.

Bayan faɗuwar rana labarin yana sauyawa, musamman a ƙasashen da ke kusa da layin da ya raba maganaɗisun duniya gida biyu. Ƙasan rufin yana rasa cajinsa da sauri da zarar haske ya ɗauke, samansa kuwa yana nan da kaurinsa, kuma a daidai wannan lokaci rufin gaba ɗaya yake ɗagawa sama. Sai ya zama mai kauri yana zaune a kan mara kauri, zaman da ba ya ɗorewa, daga nan sai wasu manyan kumfa marasa caji su riƙa tasowa daga ƙasa suna huda rufin. Siginar da ta ratsa gefen irin wannan kumfa sai ta kama ƙyaftawa, ƙarfinta yana hawa yana sauka cikin ƙiftawar ido, kamar yadda kake hango mota tana rawa ta cikin kawalwalniya a kan kwaltar Zariya da tsakar ranar bazara. Ita kuwa na'urar santimita ƙirga take yi, tana lissafa igiyoyin sigina ɗaya bayan ɗaya, kowace igiyar L1 tsawonta santimita 19. Idan sigina ta ɓace mata ko na ɗan lokaci kaɗan, ƙirgar ta rikice, dole ta faro daga farko. Kamawa da sakin da kake gani ke nan.

Wannan layi na maganaɗisu ya ratsa arewacin Najeriya, Kaduna da Zariya kusan a ƙarƙashinsa suke zaune. Ƙyaftawar ta fi tsanani a kimanin digiri 15 arewa da kudu da layin, amma siginar taurarin da suka yi ƙasa-ƙasa ta arewa ko ta kudu tana ratso sararin da ya karkata zuwa can kafin ta iso gare ka. A nahiyarmu abin ya fi yawa a Maris da Afrilu da kuma Satumba da Oktoba, daga bayan magariba zuwa tsakar dare, wato daidai watanni da awannin da ka lissafa ba tare da ka san da wannan ba. Ita ma rana tana da zagayen ƙaruwa da raguwar ƙarfinta na kimanin shekara 11, kuma a watan Oktoban 2024 hukumomin NASA da NOAA na Amurka suka sanar cewa ta kai ganiyarta. A ranakun 10 da 11 ga Mayun 2024 wata guguwar rana ta rikita GPS har manoman Amurka da dama suka tsayar da taraktocinsu ana tsakiyar shuka. Duk da haka, kafin ka ɗora wa sama laifi, ka tabbatar ba intanet ɗin da ke kawo maka gyaran lissafi daga na'urar zaune ba ne yake cunkushewa da dare, ba batirin na'urar zaune ba ne ke yin sanyi, ba kuma jikin tireloli da rufin kwano ba ne ke maido da sigina.

Yanzu ga amsar tambayarka. Abin da kake ɗauka masifa ce ta same ka, shi ne jarin da za ka shiga taro da shi. Tashoshin sauraron taurari a Turai da Amurka da Japan suna da yawa ƙwarai, a Afirka kuwa ƙalilan ne, kuma masu ƙera na'urorin nan ba a ƙarƙashin irin sararinmu suke zaune ba. Suna da kayan aiki da lissafi, amma ba su da daren Oktoba na Kaduna. Wanda ya je taro hannu rabbana zai zauna a kujerar baya ya yi ta sauraro, ya dawo da jaka da biro da katunan mutanen da ba za su tuna da shi ba. Wanda kuwa ya je da bayanan wata uku da ya naɗa da kansa, ko da a fosta ɗaya ce da aka manna a bango, mutane ne za su zo su same shi.

Na ga wannan da idona a cibiyar nazarin kimiyya ta ƙasa da ƙasa, ICTP, da ke Tiriyesta a Italiya, wadda Farfesa Abdus Salam na Pakistan ya kafa a 1964, kuma take shirya tarukan bita a kan taurarin gano wuri da yanayin sararin samaniya. Fostata zane biyu ne kawai a cikinta, awannin dare a kwance, tsallen sigina a tsaye. Wani dattijon masani ya tsaya a gabanta ya cire tabarau, ya ɗora yatsa a kan ƙarfe takwas da rabi inda layin ya miƙe sama, ya tambaye ni ko agogon gida ne ko na duniya, ya tambaye ni inda eriya take da abin da ke kewaye da ita. Ya fi minti ashirin a wurin, kuma daga wannan tsayuwa na samu manhajar da ɗalibaina suke aiki da ita har yanzu.

Batun kuɗi kuma, ba kowane taro ne ake zuwa da aljihun kai ba. Tarukan ICTP ba a biyan kuɗin rajista, kuma sukan ɗauki nauyin wasu daga ƙasashe masu tasowa. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da al'amuran sararin samaniya da ke Biyana, wanda shi ne sakatariyar ICG, kwamitin ƙasa da ƙasa kan taurarin gano wuri da aka kafa a 2005, yana shirya tarukan bita a ƙasashe daban-daban, yakan biya wa waɗanda ya zaɓa tikiti da masauki, har a Abuja an yi irinsa a kan yanayin sararin samaniya a watan Oktoban 2011. Amma masu zaɓe taƙaitaccen bayanin aikin da mutum zai gabatar suke dubawa, tare da wasiƙar wurin aikinsa. A gida kuma ka nemi cibiyar binciken sararin iska ta NASRDA da ke Anyigba a jihar Kogi, domin wannan fanni nasu ne.

Daga: Ɗan Kwangila, Kakuri

Malama, Allah ya ƙara basira, ban taɓa jin an warware wannan al'amari da Hausa haka ba. Amma ɗan'uwana mai tambaya, ina so ka ji ta bakin wanda ya taɓa ƙonewa. Shekarun baya na biya kuɗin rajistar wani taro a ƙasar waje, na kama ɗaki, na kai takarduna ofishin jakadancin ƙasar wata biyu kafin ranar. Fasfona bai dawo hannuna ba sai bayan an rufe taron da kwana tara, kuma abin da aka maido mini daga rajistar bai kai rabi ba. Rajistar manyan tarukan Amurka da Turai da dala ko yuro ake biyan ta, kafin a zo ga tikiti da otal, kuma kai da kanka ka san yadda canji yake a yau.

Ni a ganina ka sayi na'urarka. Ƙananan na'urori masu zango biyu, irin waɗanda ake haɗawa da ƙwaƙwalwar ZED-F9P ta kamfanin u-blox, sun karya farashin wannan aiki, kuma suna jin GPS da GLONASS na Rasha da Galileo na Turai da BeiDou na Sin a lokaci guda. Manhajar RTKLIB, wadda Tomoji Takasu na Japan ya rubuta, kyauta ce. Gwamnatin Kanada tana da shafin da za ka tura masa bayanan da ka naɗa ya lissafa maka matsayin turkenka ba ka biya ko sisi ba. Ƙasidun makon aikin FIG kuma suna nan a shafinsu, kowa yana iya saukewa ya karanta a ɗakinsa. Na'ura za ta ciyar da kai, ta biya kuɗin kanta, kuma ko bayanan da Malama take cewa ka tara, da me za ka tara su idan na'urar ta maigidanka ce, yana kulle ta a ofis da magariba? Ban ce taro ba shi da amfani ba, cewa nake kada ka je da kuɗin jarinka.

Daga: Injiniyan Na'urorin Jiragen Sama, Mando

Malam, ina tare da masu cewa ka tara bayanai tukuna, sai dai ina so in ƙara abu ɗaya game da yadda ake cin moriyar taron idan Allah ya kai ka. Manyan tarukan nan zaure biyar ko shida ne suke gudana a lokaci guda, kuma yawancin baƙi sukan maƙale a zauren sana'arsu. Ka karanta jadawalin tun kana gida, ka yi wa ƙasidun da kake so alama, ka halarci darussan share fage da akan yi kafin a buɗe taro, sannan ka ware ko da wuni ɗaya ka shiga zauren masu jiragen sama.

Mu a wurinmu tambayar ba ta tsaya a kan ko na'ura ta faɗi daidai ba, har da ko za ta yi gargaɗi idan ta fara kuskure, kuma cikin daƙiƙa shida zuwa goma gwargwadon nau'in saukar da jirgi zai yi. Don haka aka kafa tsare-tsaren da ke sa ido a kan taurari daga tashoshin ƙasa, su aika gyara da gargaɗi ta wani tauraron da ke tsaye a wuri ɗaya: WAAS a Amurka, EGNOS a Turai, GAGAN a Indiya. Indiya ta fi kama da mu, domin layin maganaɗisun da Malama ta ambata ya ratsa kudancinta, kuma sai da ta ƙirƙiro lissafin ayonosfiya nata na kanta kafin tsarinta ya samu amincewa. Tauraronmu NigComSat-1R, wanda aka harba daga ƙasar Sin a watan Disamban 2011, yana ɗauke da kayan aika irin wannan gyara, kuma ta kansa ne ASECNA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama mai hedikwata a Dakar, ta fara watsa siginar gwaji ga Afirka a 2020. Duk wanda ya taɓa kwana a filin jirgi saboda hazon hunturu ya hana sauka a Kaduna ko Kano ya san abin da wannan aiki zai iya sauƙaƙawa. Babban abin da ke yi masa tarnaƙi a yankinmu kuwa shi ne ƙyaftawar da ta tsayar da kai a bakin kwalta.

A zauren nan ne kuma za ka ji zancen toshe sigina da aika ta bogi, wanda ya addabi matuƙa jirage a kewayen tekun Baltik da Baƙin Teku da Gabas ta Tsakiya a 'yan shekarun nan. Siginar tauraro tana isowa ƙasa da rauni ƙwarai, ƙaramin abu yana iya danne ta, ga shi kuma turakun wayar salula da bankuna da masu rarraba wutar lantarki da yawa daga ita suke saita agogonsu. Ɗan safiyon da ya fahimci wannan ba zai ƙara yarda da lamba don kawai allo ya nuna ta ba.

Daga: Ɗan Safiyo, Rigasa

Baba da Malama da sauran yayyena, Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. Na koma na duba littafin aikina. A dararen nan ba intanet muka yi amfani da shi ba, rediyo ne tsakanin na'urorin biyu, kuma tazararsu ba ta kai kilomita biyu ba, batir kuma sabo ne. Tireloli dai suna wucewa, amma da rana ma suna wucewa. Na yanke shawarar in sayi ƙaramar na'urar kamar yadda yayana na Kakuri ya ce, in kafa ta a gidanmu da dare, in halarci zaman reshen ƙungiyarmu na jiha, sannan in nemi ɗaya daga tarukan da ake ɗaukar nauyi idan bayanan sun taru. Malama, ina roƙon ki faɗa mini yadda zan naɗa su domin kada in yi wahalar banza.

Daga: Malamar Kimiyya, Samaru

Madalla, ƙanena, Allah ya taimaka. Ka kafa eriyar a wuri mafi tsayi a gidan, nesa da tankin ruwa da bango da rufin kwanon maƙwabta, ka ɗaure ta da kyau yadda iska ba za ta motsa ta ba, kuma kada ka sauya mata wuri har ka gama. Ka saita na'urar ta riƙa naɗa ɗanyen bayani duk daƙiƙa ɗaya, a duk zangunan da take ji, dare da rana, domin sai da na rana za a gane bambancin na dare, sannan ka juya shi zuwa tsarin RINEX wanda kowace manhaja take karantawa. Ka haɗa ta da batirin sola, saboda ɗaukewar wuta a tsakiyar dare tana kama da ɓacewar sigina a cikin fayil. Ka tanadi littafi ka riƙa rubuta ranar da aka yi hadari da ranar da wani ya hau rufin, kuma ka tuna cewa agogon da ke cikin fayil ɗin yana bayan namu da awa ɗaya. Ka fara daga tsakiyar Agusta ka kai ƙarshen Nuwamba, yadda za mu ga shigar abin da ganiyarsa da lafawarsa. Idan ka tara na mako biyun farko, ka sa su a filashi ka shigo motar Zariya daga Kawo ranar Asabar, mu zauna da ɗalibaina mu gwama su da na tashar jami'a.